Sarkin Doya na Gummi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ne Sani, manomi daga Gummi.

Bara ɗan kawuna Bala ya ja ni ƙwadago can tsakiyar ƙasar nan, wajen Lafiya. Malam, ƙasa ce ta duwatsu da kurmi, ruwansu yana riga namu sauka, kuma doya ce abin alfaharinsu.

Ranar farko na ja kunya doguwa irin ta gero, ashe ita doya tuli-tuli ake yi mata. Mai gonar ya yi murmushi, ya karɓi galma ya nuna mini. Bala kuwa ya sani sarai, amma sai ya ɗauke ni hoto a waya ya yaɗa. Har Inna ta gani! Yanzu ko kasuwa na shiga sai in ji, "Ga Sarkin Doya!"

Bare ya rufa mini asiri, ɗan'uwa ya tona. To, damina ta kankama, gulbi ya cika, gonar Bala tana ƙetare, kwalekwalen unguwarmu kuma nawa ne.

Masu sauraro, ina jiran shawararku. Amma kafin ta iso, Bala ya fara koyon iyo.