Jinin da Ke Bin Gidanmu

Muna tsakiyar waƙar baiko a coci na ji abu mai ɗumi yana bin ƙafata. Na duba, jini ne har cikin takalmi, kuma ba lokacina ba ne. Ta kusa da ni a kwaya ta ce, "Rifkatu, lafiya?" Ni dai na san layi ya zo kaina.

Salama gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. A waya nake rubutun nan, ku karɓe shi yadda ya zo.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Jahun. Kakanmu Bamaguje ne, shi ya fasa tukunyar tsafin da ke gindin tsamiyar gidan, ya bi Almasihu. Wai tun ranar Doguwa, aljanar tukunyar, ta rantse sai ta shanye matan gidan. Muna zuwa sujada, muna cewa ƙarya ce, amma tsoron na nan.

Goggo Saratu, ƙanwar Babana, ita ta fara, ina firamare. Jini, rama, sai wari. A gidanmu in mace ta fara, ɗakin baya ake kai tabarmarta, a daina kiran sunanta. Mu ma 'yan matan a daina kiran namu, kar Doguwa ta ji ta gane ta gaba. Ni Baƙuwa aka koma ce mini. Asibiti kuwa babu, wai allura fusata Doguwa take.

Da rana tsaka, gida tsit, sai ka ji murya daga ɗakin baya: "Saratu." Can kuma muryar ta ce, "Na'am." Ita ke kiran kanta, ita ke amsawa. Haka har ta yi shiru.

Baba ya bi, aka ce basir ne ya ci ƙarfinsa. Shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu Goggo Ladi ta shiga ɗakin nan, ba ta fito ba.

Ni lokacin da abin ya same ni ina Dutse, ina aiki a shagon buga takardu. Na ɓoye, ina ta ninka zane. Mama ta zo daga ƙauye, kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Baƙuwa, haɗa kayanki mu tafi gida."

Na ce, "Mama, sunana Rifkatu."

Ta rufe mini baki da hannu. "Yi shiru, 'yar nan! Ji take."

Na fice na tafi coci. Ba kowa, sai bencuna. Na durƙusa na ce, "Ya Yesu, kai ka san sunana. In mutuwa ce na yarda, amma ba a ɗakin baya ba." Na yi kuka har na gaji. Da na miƙe, tsoron ya sake ni. Daga nan asibiti na wuce, suka tura ni Kano.

Aka ɗebi tsoka aka auna. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ce kansar mahaifa ce, irin wadda ba a cika gani ba, balle a shekaruna. Ta tambayi dangi, na gaya mata goggonnina. Sai ta ajiye biro ta ce, "Mazan fa? Akwai wanda ya yi ta bayan gida da jini, ya rame?"

Ciwon Baba ke nan ta zayyana, alhali ban gaya mata komai game da shi ba.

Ta ce wata ƙwayar halitta ce mai tangarɗa da ake gada daga uwa ko uba. A mata ta fi kama mahaifa, a maza hanji. Wato abu ɗaya ne ya ci su su uku, kuma daga Baba na ɗauko.

Magani shi ne a cire mahaifar. Ban yi aure ba, ban haihu ba. Iliya, wanda har an kai gaisuwarsa gidanmu, ya ce, "Rifkatu, iyayena jika suke so." Ya tafi. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma na ce a yi.

Aka yi tiyata, aka bi da ruwan maganin kansa. Gashina ya zube, abinci ya ƙi zama. Matan zumuntar coci suka riƙa karɓa-karɓa a bakin gadona. Yau ga ni a raye, awo bayan awo ba a ga komai ba. Halleluya! Yabo ga Ubangiji!

Na ja ƙannena duka aka duba su. A hanjin Bitrus, autanmu, aka ga ɗan tsiro, aka cire tun bai zama komai ba. Na gode wa Allah!

Ku dogara gare shi, ku yi addu'a, ku kuma tashi ku je a duba ku. A naku gidan, mutum nawa ne suka tafi da ciwo iri ɗaya, kuna cewa hannu aka sa musu?