Minti Ashirin Ba Tayi

'Yan'uwa, salamar Yesu Kiristi ta tabbata a gare ku. Sunana Ayuba, mai sayar da motoci a Beltsville, nan Amurka. Da yawanku motar da kuka ajiye a waje daga hannuna ta fito.

Ga abin da ke ƙasa shekara shida da suka wuce: jijiya ɗaya a zuciyata, ɗan ƙarfen raga ɗaya da likitoci suka sa don ya riƙe ta a buɗe, toshewa biyu cikin shekara guda, mata ɗaya, 'ya'ya uku. In ta sake toshewa, sai a tsaga ƙirji.

Bari in faɗi gaskiya a kaina. Idan na sayo mota a gwanjo, fitilar gargaɗin inji tana ci, ba inji nake dubawa ba. Ƙwan fitilar nake sa a cire, a wanke motar, ta hau jirgin ruwa zuwa gida. Shekaru na yi ina haka, ina kuma zuwa sujada. Da ƙirjina ya fara ɗaurewa bayan an sa ƙarfen, haka na yi wa jikina. Na ce iskar ciki ce, na sha magani, na koma gwanjo.

Matata Rifkatu ce ta kama ni na jingina da bango a tsakiyar matakala.

"Baban Tabita, me ya tsayar da kai?"

"Tunani nake."

"Tunani da gumi haka? Ni ba mai sayen mota ba ce. Ɗauko katin asibitinka."

Likita ya ce ƙarfen bai lalace ba. Naman tabo ne yake tsirowa a cikinsa yana matse hanyar jini. Sun buɗe sau ɗaya, ya dawo. Yanzu za su sake buɗewa, su zura siririyar waya ta cinyata har wurin, su gasa shi da wani haske mai ƙuna, wato rediyeshin, daga ciki don naman ya daina tsirowa. Na tambaye shi garanti. Ya yi dariya, ya ce ba ya bayarwa.

Ranar aikin idona biyu. Da suka zura wayar, sai kowa ya ja baya, suka koma bayan gilashi saboda hasken. Nas ta ce ta lasifika, minti ashirin, kada in motsa. Ni kaɗai, ba wayar salula a hannu, ƙirji yana matsewa.

Sai na fara addu'a irin wadda na iya, wato ciniki. Ubangiji, ba ni shekara goma, in yi wa majami'ar ƙauyenmu rufi. Shiru. Na ƙara da motar fasto. Shiru. Na ƙara da rijiya. Kai! Sai na ji kunya ta rufe ni. Wa nake yi wa tayi? Ko numfashin da nake tayin da shi nasa ne. Shi kuma ba a cire masa ƙwan fitila, yana ganin inji.

Na ce, "Yesu, ba ni da komai. Ka ji tausayina." Hawaye suna gangarowa cikin kunnena, ba damar sharewa. A nan salama ta sauko, tun ba a zare wayar ba.

Shekara shida ke nan jijiyar tana buɗe. Halleluya! Maganin hana jini daskarewa kuwa ban taɓa tsallake shi ba, ku ma kada ku tsallake naku da sunan bangaskiya.

Ga lissafin. Na rasa tsire, na rasa gishiri. Na rasa masu sayen da suka gudu tun da na fara cewa, "Wannan injin yana da matsala." Na sami shekara shida da ban biya ba, da matakalar da nake hawa ba tunani. Ban taɓa cin riba irin wannan ba.

Na gode wa Allah. In fitilarku tana ci, ku kai masa a haka. Amin.