Gahawar Romin Ta Nuna

Dattawanmu masu riƙe da sandar gari, shugabannin ƙungiyar manoman gahawa, abokan cinikinmu da suka ƙetaro teku har nan yankinmu na Chiyapas, Matal matar marigayi da 'ya'yanki, sauran jama'a, sannunmu da wannan rashi.

Ban san wanda ya ce ni zan yi magana ba. Kowa ya san ina kishin Romin, kuma mutuwarsa ba ta warkar da ni ba.

Gonata na jikin tasa. Tudu ɗaya, ruwan sama ɗaya. Amma baƙin nan in sun kurɓi gahawata sai su gyaɗa kai don ladabi, in sun kurɓi tasa sai su lumshe ido. Na taɓa ce masa, "Kai tsohon banza, me kake zuba wa itatuwan nan?" Ya ce, "Gaishe su nake yi, Petul. Kai kuwa zaginsu kake."

Ya kasance mai taurin kai. Lokacin da dillalai ke hawowa suna yi mana tayin wulaƙanci, shi ya ce mu 'yan ƙabilar Maya mu haɗa buhunanmu, mu nemo masu saye da kanmu. Ni ma na yi wannan tunanin, riga ni faɗa ya yi. Ya kasance wanda muka damƙa wa sandar shugabancin gari ba albashi, muka noma masa gona bisa al'ada, har da ni, ina yi ina ƙunƙuni.

Matal, gare ki nake. Gahawarsa ta nuna jawur, ba mai tsinka, har ta fara zuba. Mun san dillali ya zo miki gaisuwa da tayi a bakinsa. Kin kuma san ƙa'idar da mijinki ya kafa: wanda ya sayar a waje ya bar ƙungiya. Don Allah kada ki sayar.

Jama'a, al'ada ta ce a yi wa mai sanda aiki, ba ta ce komai kan matar mamaci ba. To ni gobe da sassafe ina gonarsa da kwandona. Tawa ma ta nuna, abin da zai zuba ya zuba. Ke nan bana ma buhunsa zai riga nawa shiga rumbu, alhali shi Romin yana kwance a kabari. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba zan iya tsayawa a gonata ina jin tasa tana faɗuwa ba.

Na gode. Allah ya ji ƙan Romin, ya ba Matal haƙuri, ya ba mu hannuwa masu yawa gobe.