Doguwar Ajidan

A tashar Dogon Dutsi, wani dattijo da wani matashin ɗan kasuwa suna jiran motar Matankari ta cika.

"Daga ta'aziyyar Ajidan Barmu nike, tsohon sojan nan mai gina gidaje shina saidawa," in ji dattijon.

"Allah shi jiƙan shi, Baba."

"Amin. Ni ya bari cikin wahala. Gidan da ya saida mini, filin wata aljana ne, doguwa. Da ta ƙi tashi, sai ya ɗauke ta soja, ya gina mata ɗaki, ya ba ta girman kaparal. Kullum da safe shina zuwa shi ba ta oda, ba ta taɓa cutar kowa ba."

"Baba, wannan shirka ce."

"Ko mi ce, wa za ya ba ta oda yanzu? Jiya na gwada, akuyata ta mutu. Ba ta jin farar hula."

"Camfi ne kawai. Wane gida?"

"Mai tsamiya, bayan kasuwar dabbobi."

Matashin ya matso kusa da dattijon.

"Na kusa da shi na saya watan jiya. Baba, ina da ƙane jandarma a Tibiri."

"Wane girma gare shi?"

"Sabon shiga ne."

"To, shi za ya sara mata."