Wasan Taubashi a Shafin Kassimu

Kassimu: Salamu alaikum, Yaya Sakina. Ina wuni?

Sakina: Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Ya Bici, ya karatu?

Kassimu: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Makoda? Ya ƙafar Inna?

Sakina: Da sauƙi, har ta taka zuwa gidan Gwaggo. Kana ji na kuwa?

Kassimu: Sama-sama. An fara cirar gyada?

Sakina: Kowa ya fara, ban da yayanka Tajuddeen. Tun hantsi yake zaune a zaure. Kassimu, me ka yi wa shafin nan naka na noma?

Kassimu: Bulog ɗin? Gyara kawai na yi. In na yi rubutu ba mai tankawa a can, kowa sai ya je Fesbuk ya yi ta surutu. Shi ne na haɗa su, duk abin da aka faɗa a Fesbuk ya riƙa faɗowa ƙarƙashin rubutun da kansa.

Sakina: Har da maganar Tasi'un Gwaggo.

Kassimu: Wa? Layin ya ɗauke.

Sakina: Tasi'u nake ce maka. Ka sa hoton Tajuddeen a gonarsa, Tasi'u ya rubuta wai ga ɓarawon gyada, rabin gonar ma da dare ya matsar da gambar kan iyaka ya ci ta maƙwabci.

Kassimu: Haba Yaya, ai wasan taubasai ne. Ɗan mace da ɗan namiji, tun suna tsirara suke zagin juna. Kowa ya sani.

Sakina: Kowa a Makoda. A Fesbuk ɗinku duk 'yan gida ne, an yi dariya an wuce. Amma gidan su Asama'u, wadda Tajuddeen zai aura, a Kano suke, kuma yanzu suke binciken aure. Yayanta ya buga sunan Tajuddeen a waya, shafinka ne ya fara fitowa. Ga hoto, ga cikakken suna, ga ɓarawo a ƙasa.

Kassimu: Inna lillahi. Me suka ce?

Sakina: A dakata da sa rana. Baba bai ci abinci ba jiya. Ni wallahi na gaji, tun safe nake amsa waya ina rantsuwa.

Kassimu: Yanzu zan goge.

Sakina: Goge me? Ya riga ya ɗauki hoton shafin ya nuna wa dattawansu. In ka goge su ce ɓoyewa muke.

Kassimu: To Tasi'u ya fito ya yi bayani mana.

Sakina: Ya yi. Ka san bakinsa. Ya rubuta wai a yi haƙuri, gyada dai Tajuddeen bai taɓa sata ba, amma kar a tambaye shi zancen akuya. Har kuka Gwaggo ta yi.

Kassimu: Shekara biyu ina rubutu ba mai leƙawa, Yaya. Wannan ne kaɗai aka karanta. Har murna na yi.

Sakina: To an karanta. Gobe Gwaggo za ta ɗauki Tasi'u a mota su je Kano, ta faɗa musu da bakinta ita ƙanwar Baba ce. Kai dai ka raba shafin nan da Fesbuk kafin wani ya ƙara.

Kassimu: Ga shi na buɗe. Tsaya... wani ya shigo yanzu.

Sakina: Tasi'un ne kuma?

Kassimu: Yayan Asama'u ne.

Sakina: Me ya ce? Kassimu, kar ka yi mini shiru, katina ya kusa ƙarewa.

Kassimu: Ya ce, mu dai daga gidanmu mun gode, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Sakina: Cire shi. Kar Tajuddeen ya gani, a bari Baba ya faɗa masa a hankali.

Kassimu: Yaya, na sa sunansa a hoton. Duk abin da ya shigo, wayarsa ke fara ƙara.

Sakina: Ita ce na ji yanzu a zaure? Tajuddeen, ajiye wayar nan ka zo, Inna na ki...