Tafin Hannun Salima

Bilkisu: Alo? Salamu alaikum. Inna?

Inna: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Bilkisu: Ni ce mana, Bilkisu. Ba ke kika yi mini bip har sau huɗu ba?

Inna: Au, ke ce. Muryar taki kamar daga cikin rijiya take fitowa. Kin wuni lafiya?

Bilkisu: Lafiya lau, Inna. Ina gajiya?

Inna: Ba gajiya. Yaya Damagaram? Yaya zafi?

Bilkisu: Zafi kam muna shan shi. Ku fa a Yamai?

Inna: Lokacinsa ne. Yaya mai gidan naki? Yaya aikin likita?

Bilkisu: Mun gode Allah. Yana gaishe ki. Yaya ƙafar?

Inna: Ƙafa tana nan inda kika bar ta. Yaya maƙwabciyar taki da ta haihu?

Bilkisu: Ta warware. Yaya mutanen Kirkissoye? Ina ɗiyata Zalika, ta taso daga karatu a lakwal?

Inna: Ta taso tun azahar.

Bilkisu: Ba ni ita mu gaisa.

Inna: Ba za ta yi magana ba.

Bilkisu: Barci take yi da la'asar?

Inna: Tana bayan ƙofar ɗaki a zaune. Shinkafarta ma ga ta nan a rufe, ba ta taɓa ba.

Bilkisu: Subhanallahi! Jikinta da zafi? Inna, taɓa goshinta!

Inna: Ke, kwantar da hankalinki, lafiyarta lau. Ni ce na yi ɓarna, Bilkisu.

Bilkisu: Kin yi mi? Layin yana yankewa.

Inna: Ɓarna! Na ce na yi ɓarna. Babba kuwa.

Bilkisu: Wace irin ɓarna kuma?

Inna: Kin san gobe Asabar ake fet, bikin nan na lakwal ɗinsu?

Bilkisu: Zalika ta gaya mini. Wanda za a yi gwanjon kayan da yara suka yi, a rufa wa ajin zana kwano kafin ruwa ya sauka.

Inna: Shi. Kowane aji da abin da ya haɗa. Ƙananan sun yi wa ƙorai zane, har ashirin. Manyan sun yi taswirar Nijar da gero da wake da jar dawa, sun manna a katako, kogin ma da ɓawon shinkafa suka yi shi. Su kuma ƴan ajin Zalika, malamarsu Madam Zeinabou ta sayo farin yadi, ta zana babbar bishiya ba ganye. Kowane yaro aka shafa masa fenti a tafin hannu ya danna a reshe. Hannuwan su ne ganyen. Yara hamsin da biyu.

Bilkisu: Kai, abin zai yi kyau.

Inna: Ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau, Bilkisu. Kore da ja da rawaya, kowane hannu da sunan mai shi a ƙarƙashi.

Bilkisu: To, ina ɓarnar?

Inna: Bari mana in kai. Shekaranjiya Madam ta aiko mini da shi, wai tunda ina da keken ɗinki in kalmashe masa baki, in yi masa madauki a sama inda za a zura sanda. Na ce to, da daɗin rai. Na ɗinke shi tsaf. Da na ɗaga shi a rana sai na ga duk gefen ya yi dauɗa. Yara sun tattaka, ga ƙura, ga wani wuri kamar man ƙosai. Na ce a raina, wannan za a kai gaban manyan mutane? A ce daga gidana ya fito haka?

Bilkisu: Inna. A'a. Kar ki ce mini...

Inna: Na jiƙa shi a baho da safe, na zuba garin sabulu, na tafi gidan suna Banifandou.

Bilkisu: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Inna, fentin yara ne, na ruwa! Ko yayyafi ba ya so!

Inna: Yanzu na sani. Wa ya gaya mini a da? Ni da na tashi ina ganin rini. Abin da launi ya kama ya kama ke nan. Zanen aurena na rinin baba yau shekara nawa ina wanke shi, ya taɓa zuba?

Bilkisu: Wayyo Allah. Ya zuba da yawa?

Inna: Da na dawo ruwan bahon kamar kunun kanwa. Na ɗago yadin, babu bishiya, babu hannu ko ɗaya. Na zauna a ƙasa da mayafina ban ma cire ba.

Bilkisu: Babu abin da ya rage?

Inna: Sunaye. Su da alƙalamin bik aka rubuta, ba su fita ba. Suna hamsin da biyu a jere, kowane yana rataye ba komai a kansa.

Bilkisu: To, to. Saurara, Inna. Abin bai ɓaci duka ba. Ki kira Madam yanzu ki gaya mata gaskiya. Zan kira autanki Mutari ya ajiye taksinsa ya sayo fenti kafin a rufe shaguna. Gobe da sassafe a tara yaran, kowa ya sake dannawa a kan sunansa. Da wannan rana minti goma ya bushe.

Inna: Na yi wannan tunanin.

Bilkisu: To mi ya hana?

Inna: Hamsin da ɗaya za su zo.

Bilkisu: Wani ya yi tafiya?

Inna: Salima, Bilkisu. Ɗiyar Fatuma mai dambu ta bakin gada. Wadda suke zama benci ɗaya da Zalika.

Bilkisu: Mi ya same ta?

Inna: Ban gaya miki ba don kina aikin dare a makon. Ta rasu yau kwana goma sha biyar. Zazzaɓi na kwana biyu. Ranar Litinin ta danna hannunta, ranar Alhamis aka kai ta.

Bilkisu: Allahu akbar. Yarinyar nan mai wushirya? Mai zuwa gidanmu ta gaishe ki da Zabarmanci, "fofo Kaka"?

Inna: Ita.

Bilkisu: Allah ya sa mai ceto ce.

Inna: Amin. Ita ke nan gare Fatuma. Ko hoton kirki ba ta da shi, sai na katin lakwal da bai kai ɗan yatsa ba. Da Madam ta je gaisuwa ta gaya mata akwai hannun Salima a zanen. Tun daga ranar matar nan ba ta da wata magana. Ta sayar da tunkiyarta don gwanjon gobe.

Bilkisu: Haba, ai ba ta kawai ya kamata a yi!

Inna: An ce a ba ta, ta ƙi. Wai aikin ɗiyarta ba abin sadaka ba ne, saya za ta yi kamar kowa, a sa kuɗin cikin kwanon ajin. Shi ne iyayen yara muka haɗa baki a ɓoye: in aka ɗaga zanen, Fatuma ta faɗi nata, kowa ya yi shiru. Har Alhaji Mamman mai kanti, da ba ya bari a wuce shi a taro, ya ce ba zai buɗe baki ba. Ni ce ma na bi gida gida ina faɗa. Ni da kaina!

Bilkisu: Alo? Inna? Kina jina?

Inna: Ina jin ki. Hanci nake sharewa.

Bilkisu: Madam ba ta ɗauki hoton zanen a waya ba?

Inna: Ta ɗauka, ta nuna mini. Daga nesa, yaran duk sun tsaya a gabansa suna dariya. Hannuwan kamar ƙwayar wake. Reshen Salima ma kan wani ƙaton yaro ya rufe shi.

Bilkisu: Ko ɗan alama bai rage ba a wurin nata? Duba da kyau.

Inna: Na duba har idona ya yi ruwa. Akwai ɗan rawaya-rawaya, kamar an zubar da shayi an goge. Ba yatsa, ba komai.

Bilkisu: Inna, zan faɗi wata magana, kar ki yi mini faɗa.

Inna: Faɗi.

Bilkisu: Zalika da Salima kansu ɗaya. Hannun yaro ai hannun yaro ne. In aka shafa wa Zalika rawaya ta danna a kan sunan...

Inna: Ke ma Shaiɗan ɗin ya biyo ta wajenki? Ni ya fara ziyarta, tun azahar.

Bilkisu: Ba cuta ba ce, Inna. Don a sanyaya mata rai ne. Ta rataye a ɗakinta, ta riƙa gani. Wa zai sani?

Inna: Zalika za ta sani. Ita ta riƙe buroshi ta shafa wa Salima fentin, Salima ta shafa mata. Da ta dawo ta ga yadin a kan igiya, ta daɗe tsaye da jakarta a baya. Na zaci ihu za ta yi. Sai ta ce, "Kaka, ina Salima?" Shi ke nan abin da ta ce, ta shige bayan ƙofa. Yanzu in je in jawo ta in ce kawo hannunki ki zama Salima?

Bilkisu: To a samo wata yarinyar.

Inna: Matar nan ta riƙa sumbatar hannun ɗiyar wasu har ta mutu, ina wucewa ina sayen dambunta ina ce mata ina kwana? A'a. Ni ba zan iya ba. Kuma uwa ce fa, Bilkisu. Ke in aka jera miki hannu hamsin ba za ki fidda na Zalika ba?

Bilkisu: Zan fidda.

Inna: To.

Bilkisu: To yanzu yaya za a yi?

Inna: Abin da na kira ki in tambaya ke nan. Ke kika yi karatu. Babu wani magani a likitarku da ake zubawa launi ya dawo?

Bilkisu: Babu, Inna.

Inna: Ruwan bahon ma ban zubar ba. Na rufe shi da faifai. Na ce ko ana iya tacewa.

Bilkisu: Inna...

Inna: Na sani. Na san hauka ne. Amma hannun yarinyar yana cikin ruwan nan, yaya zan watsa shi a kwata?

Bilkisu: Bar shi, kar ki zubar. Ki saurare ni. Kar ki je wajen Fatuma ke kaɗai. Ki kira Madam, ku ɗauki liman ko matar mai unguwa, bayan magariba ku tafi tare. Kuskure ne, kowa ya san halinki.

Inna: Halina bai dawo mata da komai ba. Da tsawa za ta yi mini, da na ji sauƙi. Na san ta. "Kala suru" za ta ce, sai haƙuri, har ta ba ni tabarma in zauna. Wannan nake tsoro.

Bilkisu: Duk da haka gara ta ji daga bakinku yau, da ta gani gobe a cikin taro.

Inna: Haka ne. Bari in nemi lambar Madam, tana cikin... Tsaya. Ana sallama.

Bilkisu: Mutari ne?

Inna: Mace ce. Wa alaikumus salam! Wace ce? ... La ilaha illallahu.

Bilkisu: Wace ce, Inna? Ɗaga murya, ba na jin ki.

Inna: Ba zan iya ɗagawa ba. Ita ce. Fatuma ce a zaure.

Bilkisu: Fatuma? Wa ya gaya mata?

Inna: Ba wanda ya gaya mata. Maraba, maraba, ɗiyata! Ina zuwa, waya nake yi! ... Bilkisu, wai Madam ta ce mata zanen yana wajena. Wai ba ta so ta fara ganinsa gobe gaban mutane ta ba da kunya, gara ta zo ta yi kukanta yau a nan. Har da kwanon dambu ta kawo mini na ladan ɗinki.

Bilkisu: Ina yadin yake?

Inna: Kan igiya. Tsakar gida.

Bilkisu: Sauke shi! Maza, Inna, ki tare ta a zaure, ki zaunar da ita tukuna!

Inna: Da wace ƙafar? Ta riga ta shigo.

Bilkisu: Ta gan shi?

Inna: Ta wuce shi. Ta zaci zanin gado ne. Tana cire takalmi, tana murmushi... Zalika ta fito. Wayyo, Zalika ta kama hannunta tana jan ta wajen igiyar.

Bilkisu: Kira ta! Zalika! Inna, ba ta wayar!

Inna: Ta nuna mata sunan. Fatuma ta ajiye kwanon a ƙasa. Ta ɗora tafinta a wurin. 

Bilkisu: Inna, je ki wajenta. Kuɗin wayata sun kusa...

Inna: Kar ki kashe, don Allah, zauna da ni a layin. Ko ba ki ce komai ba.

Bilkisu: Ina nan, Inna, ina n...

Inna: Ta waiwayo tana dubana. Bilkisu, mi zan ce mata? Bilkisu? Alo?