Hannun Hajja Rabha a Kanmu

Jawabin da Ni'imat Hamad ta yi a madadin matan unguwar Bayan Tasha, a taron tunawa da marigayiya Hajja Rabha Fadlallah, a garin Umm Ruwaba.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Maulana Shehu Abdulbaƙi, limaminmu, Umda Jadain, uban wannan unguwa, dattawan kasuwar riɗi da kuka rufe shagunanku kuka zo, Baffa Musa'ad, ƙanin marigayiya, da ka taso tun daga Rahad da ciwon ƙafarka, ɗanta Tajussir da 'yarta Awadiyya, jikoki, da ku 'yan'uwana mata da kuka cika rumfar nan har bakin titi, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da aka ce ni zan tsaya a nan, na ce ku nemi wadda ta yi karatu. Matan unguwa suka ce a'a, babu wadda ta fi ni daɗewa zaune a gaban Hajja, kai a sunkuye. To ga ni.

Ta kasance makitsiya, kamar uwarta, kamar kakarta. Amma ba kitso kaɗai ke kawo mata daga ƙauyuka a kan jakuna ba. Karkar ɗinta, man gashin da take haɗawa, shi ke kawo su. Wa zai manta safiyar Laraba a layinsu? Raƙumin mijinta, marigayi Dafa'allah, na zagaya turmin matsar riɗi ido a rufe, ita kuma ta tare man farko a ƙwarya, ta narka kitsen rago da kakin zuma, ta daka kanumfari ta zuba. Ƙamshin ya ratsa katanga ya iske mu muna tuyar kisra, wainar dawarmu, sai ka ji wata ta ɗaga murya: "Hajja ta ɗora tukunya!"

Ta kasance mace ce da ba ta gaisuwa da baki kawai. Kina cewa "ina kwana Hajja", hannunta ya riga ya shiga ƙarƙashin mayafinki, ta kamo jelar kitsonki, ta murza bakin gashin kusa da kunnenta.

"Ji, ji," in ji ta. "Kamar ana taka karan dawa. 'Yata, da me kike wanke kan nan?"

"Da sabulu mana, Hajja."

"Wanne? Wanda kike wanke jallabiyar mijinki da shi?"

Sai ki sunkuyar da kai, don gaskiya ta faɗa.

Mu duka a wajenta muka koya. Ita ta ce mana bakin gashi shi ne tsoho a kan mace: na gindi yaro ne, yana kusa da abincinsa, na baki kuwa ya sha rana da iska shekara da shekaru, don haka shi ake fara ba mai. Ita ta hana mu shafa mai a busasshen gashi. "Mai ba ruwa ba ne," take cewa, "murfi ne. Jiƙa shi tukuna, sannan ki rufe." Ita ta koya mana taje kai daga baki a hau sama a hankali, ba a fizgo daga gindi ba. Ita ta sa muka riƙa tara ruwan sama a randa don wanke kai, saboda ruwan rijiyar nan tamu gishiri gare shi. Kada a ja kitso har ido ya ɗage. Kada a kwanta kai a buɗe a kan matashi mai kaushi. Sannan almakashinta, wanda 'yan mata ke gani su fara kuka tun bai taɓa su ba. Ta ce abin da ya tsage ya tsage, babu man da zai ɗinke shi a duniya, in ba a datse ba tsagar za ta yi ta hawa.

Tasabih, jikar Hajja, ina ganinki can kina ɓoye fuska. Kin tuna hutun da kika dawo daga Khartoum, gashi a miƙe sambal, an bi shi da ƙarfe mai zafi?

"Habboba, yayi ake yi yanzu," kika ce wa kakarki.

Ta dube ki sama da ƙasa ta ce, "Guga kika yi wa kanki? Ke riga ce?"

Muka yi dariya har da hawaye. Ba ta sake ki ba sai da ta jiƙa kan nan ta cika shi da karkar, tana yi tana mita, kina yi kina kumbure-kumbure.

Amma ba don wannan aka zaɓe ni ba. Akwai abin da yaran yanzu ba su sani ba, ina so su ji daga bakina.

Wannan unguwa da muke zaune a cikinta, a da fili ne fetal a bayan tashar jirgin ƙasa. A shekarar babban fari muka sauka a nan, mu mutanen arewa, bayan dabbobinmu sun ƙare. Mijina ya wuce gaba neman aiki. Na taso daga gida da 'ya'ya biyu, na iso da ɗaya. Yarinyar ta rasu a hanya, muka rufe ta a gindin wata bishiya da ba zan iya gane ta ba yau. Ya rage jariri a bayana.

Na zauna a inuwar buhunan da aka kafa mana, na daina cin abinci. Ba gardama nake yi ba, abincin ne ba ya wucewa. Nono ya ƙafe. Ma'aikaciyar asibitin da ke zagaya mu ta faɗa a gabana cewa in uwar nan ba ta ci ba, yaron ba zai kai ko'ina ba. Na ji ta sarai, amma kamar da wata take. Mata suka yi lallashi, suka yi faɗa, suka gaji.

A lokacin Hajja Rabha kan zo kullum da tukunyar kunu a ka, da kwanon karkar a hannu. Ita da bakinta ta ba mu labari daga baya cewa Dafa'allah ya tare ta a ƙofa ya ce, "Rabha, mutane ba su da na sa wa a baki, ke kina kai musu na sa wa a ka? Za a ce kin zautu."

Ta ce, "A ce ɗin. Kai dai je ka wajen raƙuminka, ido a rufe ma ya fi ka sanin hanya."

Allah ya ji ƙan Dafa'allah, daga baya shi ke ɗauko mata tukunyar.

Ranar da ta zo kaina ba ta miƙo mini kunu ba. Ta zauna a bayana kawai, ta zame mini ɗankwali. Kitson da ke kaina tun na gida ne, tun yarinyar na da rai, shi ya sa ban bar kowa ya taɓa shi ba. Ya dunƙule, ya cika da yashi, bakinsa ya yi ja ya bushe, kana taɓawa yana karyewa.

"Wa ya yi miki wannan?" ta tambaye ni.

Na ce, "Innata."

"Hannunta na da kyau. Amma ya gama aikinsa, 'yata."

Ta jiƙa shi da ruwan ɗumi daga butarta, ta shafa mai, ta shiga warwarewa da yatsu, sili-sili, ba mataji. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba, kowa ya riga ya faɗa. Can sai ta ce, "Yarinyar, yaya sunanta?"

Jama'a, tun da muka sauka babu wanda ya tambaye ni sunanta. Na ce Ummulhair. Ina faɗa kuka ya ɓalle mini, irin wanda ban yi ba ko a gindin bishiyar. Ba ta hana ni ba, hannunta kuma bai tsaya ba. Da ta ciro almakashi na riƙe mata hannu. Ta ce, "Wanda ya bushe kawai zan cire. Sauran naki ne, zai tsiro."

Ta fara kitso, ta yi layi kaɗan, sai ta tsaya ta yi tsaki. "Kanki sai rawa yake. Ni ba na kitsa mai jiri, ɓata mini suna za ki yi a gari. Kurɓi kunun nan in samu in ƙarasa."

Na kurɓa. Wallahi ban san na shanye ba sai da na ga gindin kwanon.

Ta kitse gefe ɗaya ta tashi ta kakkaɓe zaninta. Na ce, "Hajja, haka za ki bar ni?" Ta ce rana ta yi, gobe ma rana ce, amma in ta zo ta tarar ban ci komai ba, haka zan yi ta yawo da rabin kai. Matar da ke gama kan amarya kafin azahar, nawa kan sai da ya ci mata kwanaki. Kullum da dalilinta: yau yatsa na ciwo, gobe mai ya ƙare. Kafin ta ɗaure jelar ƙarshe, nono ya dawo.

Hamdan, tashi tsaye a gan ka. Wannan da ya kawo muku kujerun nan a motarsa, mai furfura a gemu, shi ne jaririn.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Ku dubi layin gaban nan, tsofaffin da ke share ido, kowacce da irin nata labarin. Da ruwa ya sauka wasu suka koma gida, mu muka zauna muka yi unguwa, muka yi ta a kusa da ƙofarta.

Ta kasance ba ta yarda a ce gyaran kai na masu sukuni ne ba. Duk Alhamis rumfarta ta marayu ce. Macen da ta daɗe a kwance a asibiti, gashi ya cuɗe a ƙeya, sai dai ta ga Hajja a kanta da kwano. Har gidan yari ta shiga wajen mata, masu gadi na tsokanarta wai ta zo yi wa ɓarayi kwalliya, tana ce musu su ma in sun cire hula za ta duba.

A ƙarshe tsufa ya ci ƙarfin hannunta, ta ajiye tsinken kitso. Ni na riƙa zuwa ina shafa mata mai. Ko a kwance ba ta bar ni na huta ba. "Ni'imat, duk shekarun nan kina kallona, har yau hannunki kamar mai kwaɓa ƙasar gini. Daga baki, na ce miki, daga baki!"

Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Muka raba gashinta uku muka kitse, kamar yadda aka umarta. Fari fat, mai laushi har ƙarshensa, babu sili ɗaya da ya tsage. Awadiyya ta riƙe jelar tana kuka tana murmushi, ta ce, "Inna Ni'imat, duba. Ko a nan ba ta bari mun kama ta da laifi ba."

Baffa Musa'ad, ka rasa yaya, mu mun rasa uwa. Mu yi wa juna ta'aziyya. Tajussir, ka daina zargin kanka don ta rasu kana kan hanya. Da sunanka a bakinta ta yi ta sa albarka, ni shaida ce. Awadiyya, 'yata, na san gidan ya yi miki faɗi. Kada ki zauna ke kaɗai a ciki. Ƙofofinmu a buɗe suke, in kin ƙi zuwa kuma mu za mu zo, kin san halinmu. Ku jikoki, duk inda karatu ko aure ya kai ku, in an tambaye ku ku 'ya'yan wane gida ne, ku faɗi sunanta da ƙarfi.

Muna gode wa Maulana da Umda, da 'yan kasuwa, da samarin da suka kafa rumfa, da matan da suka yini a bakin murhu, da duk wanda ya tako ya zo.

Ya Allah, ga baiwarka Rabha 'yar Fadlallah ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya makwancinta, ka haɗa ta da iyayenta da mijinta a Aljanna Firdausi. Ka ba iyalinta haƙuri, ka sa mu cika da imani. Ya Allah, ta same mu a lokacin da muka saki kanmu, ta zauna a bayanmu ba ta tashi ba sai da muka miƙe. Kada ka bar ta ita kaɗai.

Maulana, a ja mana Fatiha.